Ku Tambaya Mu Amsa: Awaki sun cinye mana dashe, manya na mana dariya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Mu wasu matasa ne a wata unguwa a Kano, bara muka yi karo-karo muka sayo dashen darbejiya da mangwaro muka jera a bakin titi da ƙofar firamare, muka kuma yashe lambatu har sau biyu kafin damina. Yanzu wallahi in ka cire ƙwaya biyar duk sun mutu, wasu awaki sun cinye wasu sun bushe, lambatun kuma ya sake cika da leda kamar ba a taɓa shi ba. Manya na cewa don hoto muke yi mu ɗora a Facebook, yaran guruf ɗin ma sun fara zamewa. Mu haƙura ne ko yaya?
Daga wani matashi, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi muku albarka. Kar ku haƙura. Biyar ɗin nan da suka rayu, je ka duba su ɗaya bayan ɗaya, ina da yaƙinin za ka tarar kowacce a ƙofar gidan wani take ko kusa da mai shayi ko mai wankin mota da yake watsa mata ruwa. Toh amsarka kenan, bishiyar da ba ta da mai ita ba ta kai bazara.

Mutanen Nijar sun riga mu gane wannan. A yankin Maraɗi a farkon shekarun 1980, bayan an sha dasa itatuwa suna mutuwa, wani ɗan Ostireliya Tony Rinaudo da manoma suka koma kula da tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gona, a rage rassa a bar masu ƙarfi. Abin ya kama ne sosai da manomi ya tabbatar itacen nasa ne, shi zai sari reshe, dabbarsa za ta ci 'ya'yan gawo. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a fili hekta miliyan 5 tsakanin Maraɗi da Damagaram. Ku a birni ba kututture gare ku ba, amma darasin ɗaya ne, kafin ku haƙa rami ku buga sallama ku tambayi maigida ko yana so, in ya ce e, a rubuta sunan yaron gidan da zai dinga ban ruwa, ko da ruwan alwala ne da na wanke-wanke mara omo.

Sannan ku rage yawa. Dashe 20 da aka kewaye da ƙaya ko tsofaffin bulo sun fi 200 da aka bari a fili, kuɗin kewaye shi ne rabin aikin kuma shi kowa ke mantawa ranar karo-karo. Ku dasa cikin Yuli in ruwa ya zauna, kar ku bari sai Satumba damina na bankwana. Mangwaro a bakin titi wahala ne gaskiya, ku kai shi cikin gidaje da islamiyyoyi masu katanga, titi a bar wa darbejiya.

Awakin nan kuma dan Allah kar naji an fara jifan su, yunwa ce, kuma yawancinsu jarin matan unguwarku ne, da su ake haɗa kayan ɗaki da kuɗin makaranta. Su ma ledar da ta toshe muku lambatu tana kashe su, tambayi duk wani mahauci a abbatuwa zai gaya maka irin dunƙulen ledar da suke cirowa daga tumbin akuya da saniya, dabba ta yi ta rama cikinta na kumbura mai ita na ta sayen magani a banza. Wannan maganar ku kai wa iyaye mata ta bakin 'yan matan ƙungiyar (in babu mata a cikinku wannan ma gyara ne), za ta fi shiga kunne fiye da wa'azin ɗumamar yanayi.

Lambatu ya sake cika ne saboda mutane ba su da inda za su zuba shara, kuma nasan halinmu, a yashe kwata a tara dagwalon a gefe ruwan farko ya maida shi ciki. Kar ku ɗauki shebur sai kun san wa zai kwashe, ku rubuta wa REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, ta hannun mai unguwa, ku daidaita aikin da Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli, ku shirya da masu kura su dinga bi gida-gida ana ba su ɗan abin da ya samu. Kuma a sa takalmin roba da safar hannu, kwalba da allura na cikin kwatar nan.

Maganar manya, ku je ku gaida mai unguwa da liman ku ce shawara kuka zo nema, aikin gayya ai a hannunsu muka gan shi. Hoto kuma ku ci gaba da ɗauka, sai dai ku ajiye na ranar dashe, in Afrilu ta yi ku sake ɗaukar bishiyar tare da yaron da ya raine ta ku turo min hotunan duka biyun, zan buga a wannan shafi insha Allah.