Sukurun hinji yana juyawa bai kamawa

Ɗan'uwa, ka ce ƙofar kabad ɗinka ta saki, kuma duk yadda ka murɗa sukurun hinjin sai ya yi ta juyawa a banza. Ramin ne ya cinye, ba sai ka kira kafinta ba.

Cire hinjin tukuna. Samo tsinken ashana 3 ko 4, ka karye kawunansu ka yar, ka shafe su da farin gam ɗin katako, ka cusa cikin ramin har ya cika maƙil. Abin da ya leƙo waje ka datse shi da reza. To, nan mutane ke yin garaje. Bar shi ya kwana, in so samu ne awa 24. Ni na taɓa ɗaure nawa bayan minti 20, washegari na tarar ƙofar ta sake langaɓewa, ashanar ta biyo sukurun ta fito.

Da ya bushe, ɗan huda tsakiya da siririyar ƙusa, ka goga kyandir a jikin sukurun don ya shiga sumul. Ɗaure da sukundireba da hannu, da ka ji ya tsaya kai ma ka tsaya.