Lambobin da ke jingine da wani fayil: amsa ga wani mai fataucin albasa a Tawa

Wani Alhaji da ke sayen albasa a Galmi yana lodinta zuwa Kumasi ya aiko da tambaya daga Tawa. Ya ce yaron da ke riƙe masa lissafi a Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, ya koma karatu Yamai, ya bar kundin a kwamfutar shago, kuma tun daga lokacin duk sanda aka buɗe shi sai gargaɗi ya fito cewa kundin yana haɗe da waɗansu fayiloli na waje. Idan aka ce a sabunta, sai na'urar ta ce ta kasa. Wani maƙwabcinsa ya ce masa ya tsinke haɗin kawai ya huta. Yana son ya san ta yadda zai gano guraben da abin ya shafa, wato ƙananan akwatunan da ake rubuta lambobi a ciki, da kuma ko shawarar maƙwabcin abin bi ce.

Alhaji, bayan gaisuwa da fatan alheri, roƙona na farko shi ne kada ka tsinke komai tukuna, kuma kafin a taɓa kundin a yi kwafinsa a ajiye da wani suna dabam.

Abin da gargaɗin yake nufi shi ne, akwai guraben da lambar cikinsu ba a kundinka aka rubuta ta ba, aro suke yi daga wani fayil, wanda mai yiwuwa yana cikin kwamfutar yaron a Yamai. Idan Excel ya nemi fayil ɗin bai same shi ba, ba ya barin gurbin wayam, yana ci gaba da nuna lambar ƙarshe da ya gani, kuma a nan haɗarin yake, domin tsohuwar lamba da sabuwa kamarsu ɗaya a ido. A ce kuɗin mota na kowane buhu jika 4 ne a ranar da yaron ya tafi, yau kuma direbobi suna karɓar jika 5. A lodin buhu 300 kundin zai nuna maka ribar jika 300 wadda ba ta wanzu ba. Canjin kuɗi ya fi wannan muni ga mai irin sana'arka. Sefa a ɗaure take da yuro a kan kusan sefa 656 ga yuro ɗaya tun 1999, amma sidin Gana da kake sayarwa da shi, da nairar da ake canzawa a Ƙonni, kullum cikin motsi suke, saboda haka farashin canji na watanni uku da suka wuce ba abin da za a gina ciniki a kansa ba ne.

Gano guraben ba shi da wuya, domin kowane haɗi na waje yana ɗauke da sunan fayil ɗin da yake aro daga gare shi. Idan ka danna gurbin ka dubi layin da ke sama, maimakon lamba za ka ga dabarar lissafi, wato dogon rubutu da ya fara da alamar daidai, sannan hanyar dosiye, sannan sunan fayil a tsakanin baka biyu masu kusurwa, kamar [Farashi.xlsx], sai sunan shafi da adireshin gurbi irin B4. To wannan sunan za a farauta. A fara da fito da duk shafukan da aka ɓoye, sannan a danna Ctrl da F tare, a rubuta .xl a wurin nema. Waɗannan haruffa sun wadatar, tun da suna cikin tsohuwar ƙarewar suna ta xls da kuma xlsx da ta zo da Excel 2007. A buɗe zaɓuɓɓuka, a ce a bincika kundin gaba ɗaya ba shafi guda ba, a kuma ce a duba cikin dabarun lissafi ba cikin sakamako ba, sai a danna maɓallin nemo duka. Jerin zai fito a ƙasa, kowane layi da shafinsa da gurbinsa, kuma danna layin zai kai ka wurin. Ni nakan shafa wa kowane gurbi launin rawaya a lokacin da na same shi. Waɗansu sukan nemi alamar baka mai kusurwa ita kaɗai, amma takan kwaso har da guraben tebur na cikin gida waɗanda ba ruwansu.

Idan an gama gyara amma gargaɗin bai daina ba, haɗin ya laɓe ne a wani wuri. Mafi yawan lokaci yana cikin jerin sunayen da aka laƙaba wa gurabe, wanda Ctrl da F3 ke buɗewa. Bayan nan a duba zanen ƙididdiga, da ƙananan jerin zaɓi na cikin gurabe, da ƙa'idodin da ke canza launi.

Yanzu batun maƙwabcinka. A sashen bayanai, wanda Excel na Faransanci ke kira Données, akwai tagar gyaran haɗi, mai nuna sunayen fayilolin waje ba tare da ta nuna guraben ba, kuma a cikinta maɓallin tsinkewa yake. Abin da maƙwabcin bai faɗa maka ba shi ne, tsinkewa tana mai da dabarar gurbin gaba ɗayanta sandararriyar lamba, kuma ba a iya warware ta da maɓallin komawa baya. Gurbin da ke ninka yawan buhuna da kuɗin mota zai daskare a kan lissafin ranar, ta yadda ko ka canza buhu 300 zuwa 350 ba zai motsa ba. Gargaɗin zai tafi, kuskuren ya zauna, kuma babu sauran abin da zai tuna maka da shi.

Saboda haka shawarata ita ce a raba guraben masu launin rawaya gida biyu. Waɗanda suka shafi cinikin da aka riga aka rufe, kamar lodin bara da aka biya aka sallami kowa, babu laifi a sandarar da su bayan an gwada su da littafin hannu da rasit. Waɗanda kuwa suke canzawa, wato canjin sidi da naira, da kuɗin mota, da ladan ƴan dako, da kuɗin buhu, da abin da ake biya a hanya, a buɗe musu shafi guda a cikin kundin kansa, kowace lamba da ranar da aka sa ta a gefenta, sannan a juya dabarun su riƙa ɗauka daga wannan shafi. Aikin yini guda ne ga wanda ya saba, kuma daga nan duk wanda ya zauna a kujerar lissafi zai ga da idonsa cewa canjin da ake aiki da shi na ranar Lahadin da ta wuce ne ko na watan jiya.

Kafin a fara, a kira yaron a karanta masa sunayen fayilolin da tagar ta nuna, ya turo su ta WhatsApp. Idan sun iso, a ajiye su a dosiye ɗaya da kundin, a yi amfani da maɓallin canza tushe da ke cikin tagar a nuna wa Excel sabon mazauninsu, a sabunta sau ɗaya, sannan a gwada jimillar ribar da ta fito da wadda ke cikin kwafin da aka ajiye tun farko.