Ba basirarki ce ta gaza ba, ƴar'uwa, duba kwafin da kike kallo

Ƴar'uwa, sannu da haƙuri. Kin ce kin daɗe kina bin shirin yaron nan mai tona asirin masu laifi, amma har yau ba ki taɓa cankar mai laifin kafin ya faɗa ba. Ƴan'uwanki maza kuma suna miki dariya, wai shirin ƙarya ne tsagwaronta, yaro ba zai iya abin da ya gagari komisa ba. Kika tambaya ko ke ce ba ki da basira, ko shirin ne yake yi wa mai kallo rufa-ido. Wallahi da yawa daga cikinmu wannan ciwon muke fama da shi, har da ni, kuma ba na son ki ƙara ɗora wa kanki laifi kafin ki duba wane irin kwafi ne a wayarki.

Mafi yawan abin da ke yawo a wayoyin Maradi, daga masu tura fim na wajen Babbar Kasuwa har na cikin unguwanni, ba shirin ba ne yadda masu shi suka fitar da shi. Kashi ɗaya na irin waɗannan shirye-shirye yakan kai minti 40 zuwa 45. Idan hotonsa mai kyau ne, na 720, zai ci mega ɗari uku ko fiye. Don ya shiga ƙaramar memori kuma ya yi saurin turuwa, sai a matse shi ya koma 240, mega hamsin ko sittin. Hoton 720 yana da ɗigo 1280 a faɗi, 720 a tsaye. Na 240 kuwa 426 ne a faɗi, 240 a tsaye. Kenan cikin kowane ɗigo tara, takwas sun tafi. Fim na soyayya ko na faɗa bai damu da wannan ba, za ki gane wa ya yi kuka wa ya yi duka. Amma shirin bincike a kan ƙananan abubuwa aka gina shi: hannun agogon bango, tabon laka a bakin takalmi, kwanan watan da ke jikin rasit, maɓallin da ya ɓalle daga riga. Yaron yana ganinsu, mai kallo a ƙasar da aka yi shirin yana ganinsu, ke kuma dishi-dishi kawai kike gani.

Ba a nan ɓarnar ta tsaya ba. Masu ɗora shirin a YouTube da Facebook ba da izini ba suna da dabarun ɓuya don kada a gane a sauke musu. Suna datse gefen hoton. Wanda ya mayar da faffaɗan hoto zuwa irin na tsohuwar tele ya zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinsa, kuma a gefen nan ne ake yawan tsayar da mutumin da ke ɓoye wani abu a aljihu yayin da ake magana a tsakiya. Suna ƙara wa shirin gudu. Suna shimfiɗa lambar wayarsu da sunan shagonsu a ƙasan hoton, daidai inda ake rubuta ƙarfe nawa ne da kuma wane wuri ne, alhali rabin ƙaryar masu laifi a kan lokaci take. Mafi muni, suna juya hoton, dama ta koma hagu. Ki duba abin da wannan yake haifarwa. Likita ya ce wanda ya yi sukar bahago ne. A kwafin da aka juya, bahagon na gaskiya shi kaɗai za ki ga yana rubutu da dama, duk sauran da hagu suke shan shayi. Ko da kin fi kowa lura, hujjar da kanta za ta kai ki ga mutumin da ba shi da laifi.

Sai masu fassara. A nan ne raina ya fi ɓaci, kuma ki yi mini uzuri idan na tsawaita. Ba duka ba, akwai masu tsoron Allah a aikinsu, amma wasu sam ba su san abin da suke riƙe da shi ba. Mai fassara ya riga ya kalli ƙarshe. Mai laifin yana shigowa a minti na biyar, sai ka ji an sauya masa murya, ko a ce "ga munafukin nan ya iso". Shi ke nan, an kashe kashin gaba ɗaya, sauran minti arba'in ɗin zaman banza ne. Wani kuma akasin haka yake yi. Wurin da shaidu ke ba da bayani ɗaya bayan ɗaya, wane ya ce ƙarfe takwas ya fita, wance ta ce ta ji ƙarar ƙofa bayan an ɗauke wuta, sai ya ga surutu ne, ya dunƙule shi a jimla ɗaya, "suna ta yi musu tambayoyi dai", ya cike wurin da barkwancinsa. To ai nan ne zuciyar shirin! Kalma ɗaya da mai laifi ya yi suɓul da baka ya faɗa, wadda ba mai iya saninta sai wanda ya kasance a ɗakin, ita ce yaron zai kama shi da ita a ƙarshe. Idan ba a fassara ta ba, in ya zo ya ce "ɗazu ka ce kaza", ke ba ki taɓa jin an ce kazan ba. Kuma duk lokacin da mai fassara yake magana, ana rage sautin asali, ƙarar agogo, kukan kare, takun mai ɗingishi a bene, duk su nutse. Daga nan a yanke minti biyar ko goma da aka ga "babu komai a ciki", wato inda yaron ke zagaya ɗaki shiru yana kallon abubuwa. Kamar a tura ki bin sawun akuya ne bayan garken shanu ya bi ta wurin, sannan a ce ba ki da ido. Mutum ya biya ƴan dalolinsa, ya ƙona cajinsa, ya hana kansa barci, a ƙarshe ya tashi yana ganin kansa daƙiƙi saboda sakacin wani. Wannan zalunci ne, ko da mai yin sa bai nufa ba.

Don haka in kin je turawa, ki ce a ba ki na 480 ko 720, ko da kashi uku kawai memorin za ta ɗauka. Kafin ki biya, ki sa a buɗe miki. Ki duba tsawonsa, in kin ga minti 28 ko 30 alhali sauran arba'in da wani abu ne, an yanke. Ki nemi wurin da rubutu ya fito, allon shago ko lambar mota, in haruffan a juye suke ki bar shi. In kina jin Faransanci ko kaɗan ne, na dekodar, wato akwatin kama tashoshin tele, ko mai rubutun fassara a ƙasa ya fi miki, ki kalli na Hausa daga baya don nishaɗi. Ki sa abin kunne, lasifikar waya ba ta fitar da ƙananan sautuka.

Shi kansa shirin ma yana iya ha'inci, kuma akwai ma'aunin da za ki gane. Tun 1928 wani marubucin Amurka, S. S. Van Dine, ya fitar da ƙa'idoji 20 na labarin bincike, ta farko ita ce mai karatu ya samu dama daidai da ta mai binciken. A 1929 Ronald Knox, wani limamin coci a Ingila, ya kawo nasa guda 10. Daga ciki: dole mai laifin ya kasance an ambace shi tun farkon labari, ba aljani ko tsafi a cikin warwarar, ba gubar da duniya ba ta san da ita ba, ba a yarda da ɓoyayyar hanya fiye da ɗaya ba, ba a fito da ɗan tagwaye kwatsam ba tare da an share fage ba, kuma duk hujjar da mai bincike ya tsinta sai an nuna wa mai karatu. In kin gama kashi, ki koma baya ki nemi kowace hujja da yaron ya lissafa. In duk suna nan kin wuce su ne, shirin ya yi adalci. In ya ciro takarda daga aljihu wadda ba a taɓa nuna lokacin da ya samo ta ba, marubucin ne ya gaza, ba ke ba. Irin wannan yakan yawaita idan shiri ya daɗe, labari ya fara ƙarewa marubuta.

Ga yadda ake cankar. Ki tsayar da shirin daidai lokacin da yaron ya ce a tara kowa, kusan minti goma kafin ƙarshe. Ki rubuta sunayen waɗanda ake zargi, yawanci ba sa wuce uku zuwa biyar, kowanne ki tambayi kanki me zai samu, da me zai yi, kuma yaushe ya samu sarari. Wanda aka fara kamawa ba kasafai yake zama shi ba. Wanda shaidarsa ta inda yake ta fi ta kowa tsafta, har da rasit da wanda ya gan shi, shi za ki fi sa wa ido, don mutumin kirki ba ya tanadin shaida. In kyamara ta tsaya daƙiƙa biyu ko uku a kan abin da ba a yi maganarsa ba, kofi ko labule, ba a banza ba ne. In kuma aka nuna fuskar yaron ya yi shiru bayan wani ya gama magana, ki mayar da shi baya rabin minti ki sake saurare.

Su kuma ƴan'uwanki, suna da rabin gaskiya. Lura irin ta yaron akwai ta. Arthur Conan Doyle, wanda ya ƙirƙiro Sherlock Holmes, shahararren mai binciken nan na cikin labari, a 1887, daga malaminsa ya kwaikwayo shi, likita Joseph Bell na Edinbara, wanda yakan dubi hannun majinyaci da tafiyarsa da lafazinsa ya faɗi sana'arsa da inda ya fito. Mu ma muna da masu bin sawu a karkara da za su ce miki dabbar nan tana ɗingishi ko tana ɗauke da kaya. Edmond Locard, da ya buɗe ɗakin binciken ƴan sanda a Liyon ta Faransa a 1910, a kan wannan ya gina aikinsa, cewa duk wanda ya taɓa wuri sai ya bar wani abu ya kuma tafi da wani abu. Amma in yaron ya taɓa gawa ya ce ƙarfe tara da kwata ta cika, wannan kam ƙari ne. Gawa takan fara sandarewa bayan awa 2 zuwa 6, daga muƙamuƙi da wuya, ta gama wajen awa 12, ta saki bayan kwana ɗaya da rabi zuwa biyu. Zafin jiki yakan sauka kusan digiri ɗaya a awa a ɗaki mai sanyi. A Maradi cikin watan Afrilu, da zafi ke haura 40 alhali jikin mutum 37 ne, wannan lissafin bai aiki ko kaɗan, sandarewar ma sauri take yi. Likitan gaske tsakanin awa kaza da kaza yake cewa. Ƙyallen da ake toshe wa mutum hanci ya sume nan take shi ma ƙari ne, maganin yana bukatar mintuna ana shaƙa. Hoton kyamarar tsaro kuma in ya dushe ya dushe, jawo shi kusa ba ya fito da fuskar da ba a ɗauka ba. Zanen yatsa a kan gilas da ƙarfe mai santsi yake zama da kyau, ba a bangon laka ko tabarma ba.

Abin da ya fi tsorata ni ba wannan musun ba ne, yaranmu ne da ke kallo tare da mu. Waya ta ɓace a gida, sai ɗan shekara goma sha biyu ya tara mutane ya ce ƴar aiki ce, don ta sunkuyar da kai da aka tambaye ta. Yarinyar da aka kawo daga ƙauye, wadda tarbiyyarta ce ta hana ta kallon babba ido cikin ido! A shiri marubuci ya riga ya san mai laifi, shi ya sa hasashen yaron ba ya kuskure. A gida ba wanda ya rubuta komai, kuma sunan da aka ɓata da sata bai wankuwa da sauƙi, ko an ga wayar a ƙarƙashin katifa daga baya. A ƙasarmu ba yaron da za a bari ya shiga inda aka yi kisa. Aikin ƴan sandan bincike ne da jandarmomi, ƙarƙashin mai gabatar da ƙara, babban laifi kuma sai ya bi ta hannun alƙali mai bincike kafin a yi shari'a. Don Allah duk mai kallo da yara ya riƙa faɗa musu wannan.

Na so in manta da masu tona ƙarshe. Kada ki karanta abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashin bidiyo kafin ki kalla, kuma ki rufe hoton gaban da hannu in za ki danna, don masu ɗorawa sukan sa fuskar mai laifin da ankwa a hannu. Masu zubawa a status ɗin WhatsApp ki kashe nasu har ki gama. In kuma a tele ɗaya kuke kallo da ƴan'uwan naki, ku yi sharaɗi kowa ya rubuta wanda yake zargi a takarda ya ninke, ba mai furtawa, sai an gama a buɗe. Wanda ya riga ya kalli kashin a fada ba ya cikin wasan, kuma ya zauna a baya, don fuskarsa kaɗai ta isa ta ba da amsa.