Kayan da aka kawo sun saɓa da hoton da na gani: ina da haƙƙin mayarwa?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ɗalibarku ce daga Zariya. Na ga wani leshi a sitatus ɗin WhatsApp na wata mai sayar da kaya a Kano, na tura mata naira 45,000 haɗe da kuɗin mota. Da direba ya kawo saƙon tasha na buɗe, sai na ga kalar daban, zanen ba ɗaya ba, yadin kuma shara-shara. Na yi mata magana ta ce hasken waya ne, kuma ai ta rubuta a shafinta cewa kaya in sun fita ba sa dawowa. Daga baya na gane kayan ma ba a hannunta suke ba, sai an biya take shiga Kwari ta nemo. Ina da haƙƙin mayarwa? Ya halatta in saka ta a shafina in tona mata asiri? Sannan don in sauke nauyi, ni ma na taɓa yin odar takalmi a kan sai an kawo in biya, da mai kawo saƙon ya iso unguwarmu sha'awar ta fita daga raina, na ƙi ɗaga waya har ya gaji ya tafi. Akwai laifi a kaina?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Allah ya saka miki da alheri 'yar'uwa, musamman a kan tambayarki ta ƙarshe, domin masu kawo ƙarar wanda ya cuce su suna da yawa, masu tambaya a kan wanda su suka cuta kuwa kaɗan ne.

Ciniki ta waya halal ne a asalinsa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na shida a Jidda a shekarar 1990, ta tabbatar cewa ciniki yana ƙulluwa ta na'urorin sadarwa na zamani, da 'yan togaciya kaɗan. Amma mas'alarki ta girmi waya nesa ba kusa ba. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta babin ciniki inda aka ce babu laifi a sayar da abin da ba ya gaban ido bisa siffantawa, kuma babu laifi a sayi abin da ke cikin ƙunshi bisa barnamaj, wato takardar da ɗan kasuwa ke rubuta abin da ke cikin dila, yawansa da nau'insa da ingancinsa, ba sai an kwance ba. Imam Malik ya kawo wannan a Muwaɗɗa, ya ce cinikin yana zama tilas a kan masu saye matuƙar kayan sun dace da abin da aka rubuta.

To hoton da ta saka a sitatus, da duk wani bidiyo ko bayani da ta yi a kan yadin, su ne barnamaj ɗinta. A kansu kika ba da kuɗinki, a kansu aka ƙulla yarda. Allah ya sharɗanta a Suratun Nisa'i, aya ta 29, cewa kasuwanci ya zama bisa yardar juna, ke kuwa ba ki taɓa yarda da wannan leshin da ke hannunki ba, wancan na hoto kika yarda da shi. Saboda haka kina da zaɓi: ki riƙe shi yadda yake, ko ki mayar ki karɓi kuɗinki cif. In kuma kun daidaita ta rage miki wani abu ki riƙe, wannan sulhu ne, ya halatta idan kun yarda ku biyun.

Maganar hasken waya tana da gaskiya a wurinta, kada mu zalunci 'yan kasuwa. Shuɗi yakan ɗan ƙara haske ko duhu daga waya zuwa waya, hoton da aka ɗauka a rana ba ya zama daidai da na cikin shago a ƙarƙashin fitila. Irin wannan ɗan bambanci shari'a ta yafe shi, don da za a kama shi da ba a yi ciniki ba sam. Amma hasken waya ba ya canza zane, ba ya mayar da yadi mai kauri shara-shara. Idan kun yi jayayya a kan ko bambancin ƙarami ne ko babba, ba ke za ki yanke ba, ba ita ba. A nuna hoton da kayan ga mutum biyu masu gaskiya da suka san harkar yadi, abin da suka ce shi ne abin bi. Haka malamai ke mayar da irin wannan ga masana abin.

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma ya yawaita har wasu sun daina ganinsa laifi: a ɗauko hoton kayan wani kamfani mai tsada a aiko da jabunsa, ko a shafa wa hoto filta har tsohon yayi ya koma yana ƙyalli. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ya ji danshi a ciki, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Muslim ne ya ruwaito. Ki lura, mutumin yana da uzuri na gaskiya, ruwan ya sauka ɗin, amma ɓoyewar ce laifin. Haka nan a Bukhari da Muslim an hana ɗaure hantsar raƙuma ko akuya a bar nono ya taru don mai saye ya zaci mai yawan nono ce, aka ba wanda ya saya zaɓin mayarwa. Mai ɗaure hantsa bai furta ƙarya da bakinsa ba, gani ya gyara don ya ruɗi ido. Mai gyara hoto aikinsa ke nan.

Sai batun rubutunta cewa kaya ba sa dawowa. Wannan sharaɗi yana aiki a wuri ɗaya: idan an kawo miki daidai abin da kika gani, sai ke kika canza ra'ayi, ko kika ga irinsa da araha a wani shafi. A nan tana da haƙƙin ƙin karɓa. Amma ba ya wanke mai sayarwa daga aibin da ya sani ya ɓoye, balle ya ba shi damar aiko wani abu daban. A Muwaɗɗa an kawo cewa Abdullahi ɗan Umar ya sayar da bawa dirhami 800 da sharaɗin barranta daga aibi, sai mai saye ya ce ya sami cuta a jikinsa da ba a faɗa masa ba. Sayyidina Usman ya hukunta Ibn Umar ya rantse cewa bai san da cutar ba lokacin ciniki. Ibn Umar ya ƙi rantsuwa saboda tsantseni, ya karɓi bawan. Idan sharaɗin barranta bai rufe ƙofar ƙara a kan sahabi kamar Ibn Umar ba, jimla ɗaya a saman shafinta ba za ta rufe ta ba.

Kuɗin motar mayarwa a kanta yake, domin malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin wanda ya yi algus da wanda bai sani ba, suka ɗora wa mai algus ɗawainiyar mayar da kaya. Sai dai ki kiyaye abu ɗaya da ke zubar da haƙƙin mata da yawa: kada ki kai wa tela, kada ki yanka, kada ki wanke. Amfani da kaya bayan an ga aibi alama ce ta yarda, haka nan yin shiru na kwanaki ba tare da uzuri ba. Tunda kin yi mata magana nan take, ki adana saƙonnin da hoton farko, ki ninke kayan ki ajiye yadda suka zo.

Zancen cewa kayan ba a hannunta suke ba, shi ne tushen ɓarnar. Hakim ɗan Hizam ya tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, cewa mutum yakan zo ya nemi abin da ba ni da shi, in sayar masa sannan in shiga kasuwa in sayo. Ya ce masa kada ka sayar da abin da ba ya wurinka. Abu Dawud da Tirmizi da wasunsu sun ruwaito. Dubi yadda hikimar hanin ta bayyana a kanki: ta karɓi kuɗi, ta shiga Kwari ta tarar wancan ya ƙare, ta ji nauyin mayar da riba, ta ɗauko mai kama da shi. Ina tausaya wa matan da ke wannan sana'a daga ɗakunansu ba jari, da yawansu da ita suke ciyar da marayu, kuma shari'a ba ta toshe musu hanya ba. Mace za ta iya faɗa a fili cewa ni dillaliya ce, zan sayo miki a kasuwa, ladana kaza, in ban samu ba kuɗinki ya dawo. Ko ta yi yarjejeniya da mai shago ta zama wakiliyarsa. Ko a yi cinikin salam, wato a biya kuɗi duka tun farko a kan kaya masu cikakkiyar siffa da ake samu a kasuwa da ranar kawowa sananniya. A kowanne daga ciki, in abin da aka yi magana a kansa bai samu ba, sai ta kira mai kuɗi kafin ta canza.

Game da tona ta, Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 148, ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. An ba ki dama, amma gwargwadon zaluncin. Shawarata ki fara da ita a keɓe, ki ba ta wa'adi. In ta ƙi, ki nemi wanda take jin nauyinsa, mijinta ko mahaifiyarta ko wadda ta haɗa ku. In abin ya faskara akwai Hisbah a Kano, suna sulhunta irin wannan, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, akwai kotu. Idan kika kai ga faɗakar da mutane, ki faɗi abin da ya faru kawai: ga hoton da aka nuna, ga abin da aka kawo, na nemi kuɗina an hana. Ban da zagi, ban da hoton fuskarta ko 'ya'yanta ko adireshin gidanta, ban da kiranta da sunan da ba ki da hujjarsa. Ki tuna abin da aka saka a intanet ba ya gogewa, kina iya yafe mata gobe amma rubutun yana nan yana yawo a wayoyin mutane. In ta biya ki, ki cire, ki kuma sanar cewa ta biya a daidai wurin da kika yi ƙorafin.

Takalmin kuwa, eh, akwai haƙƙi a kanki. Ko mun ɗauki odarki a matsayin cinikin da ya ƙullu, ko a matsayin alkawari kawai, ba ki kuɓuta ba, domin mashahurin zance a mazhabar Malik shi ne alkawari yana zama tilas idan wanda aka yi wa ya shiga ɗawainiya saboda shi. An naɗe kaya, an biya mota, wani bawan Allah ya ƙona mai ya tsaya a rana yana kiran lambarki, wataƙila ma an zaftare masa a ladansa. Da kin fito kin duba kin ga bai yi daidai da siffa ba kin mayar, da ba ki da laifi, amfanin tsarin biya bayan kawowa ke nan. Da kin kira kin nemi a janye, da kin buɗe wa mai kayan ƙofar lada, don Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya amince wa Musulmi ya warware ciniki Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Ki nemi lambar mai takalmin a tsofaffin saƙonninki, ki ba shi haƙuri, ki biya kuɗin kawowa da na mayarwa, ki roƙi a isar wa mai kawo saƙon rabonsa. In kin nema iyakar iyawarki ba ki same su ba, ki yi sadaka da kimar kuɗin da niyyar ladan ya je gare su, ki yi istigfari.

Wallahu a'alamu.