Amsa ga Kawuna a Kano kan Littattafan Binciken Kisa na Zamanin Da

Kawu, Allah ya ƙara girma da lafiya. Bayan gaisuwa da fatan mutanen gida na Yakasai duk suna lafiya, ina so in amsa tambayar da kuka aiko mini, wato dalilin da ya sa mu Hausawa mazauna Lesta ta ƙasar Ingila muka riƙi karatun littattafan binciken kisan kai na zamanin da, har muke taruwa dominsu, muke kuma miƙa su ga 'ya'yanmu. Na fahimci cewa abin da ya dame ku shi ne kisan kai ba abin nishaɗi ba ne, kuma cakuɗa ƙage da tarihi yana iya gurɓata wa yaro abin da ya sani. Damuwar tana kan hanya, kuma a cikinmu ma akwai masu irin wannan ra'ayi, waɗanda ba sa zuwa taron ko kaɗan.

Yadda irin wannan littafi yake shi ne, marubuci yakan zaɓi wani zamani da aka san tarihinsa, ya bar sarakunansa da yaƙe-yaƙensa yadda suke, sannan ya ƙaga gawa ɗaya da mai bincike ɗaya ya jefa su ciki. Da yake a wancan lokaci babu 'yan sanda irin na yau, domin a Landan ma sai a 1829 aka kafa rundunarsu, kuma sai a 1901 suka buɗe sashen duba zanen yatsa, dole mai binciken ya dogara ga idonsa da sanin mutanen garinsa. Dole ya san wanda yake da ikon tsare mutum, da wanda ake karɓar shaidarsa, da lokacin da ake rufe ƙofar gari, da abin da talaka yake ci a wane wata. To, a nan ne amfanin yake a wurinmu. Kisan yakan ɗauki shafi biyu ko uku ne kawai, sauran littafin kuwa bayanin yadda gari yake tafiya ne, kuma yaron da zai yi hamma a kan darasin tarihi sai ga shi yana haƙuri da wannan bayani saboda yana son ya gano mai laifi kafin marubuci ya faɗa masa.

Taron namu yana ƙarfi ne a lokacin sanyi, domin a watan Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, kuma babu zaman dandali ko na ƙofar gida irin wanda kuka saba. Gida-gida muke zagayawa, a yi Magariba da Isha'i a jam'i, mai masauki ya kawo shayi da abin taɓawa, mata a falonsu maza a nasu, matasa kuma su zauna inda aka fi gardama. Littattafan ba su da tsada a kanmu, saboda ɗakin karatu na gari yana ba da aro kyauta, shagunan kayan gwanjo na ƙungiyoyin agaji kuma suna sayar da su da arha. Da Turanci ake karantawa, amma da Hausa ake tattaunawa, kuma wannan sharaɗi ne da iyaye suka kafa da gangan, domin yaron da aka haifa a nan ba ya samun wurare da yawa da za a tilasta masa ya kafa hujja da harshen iyayensa. Idan azumi ya kama, akan ajiye su gaba ɗaya sai bayan Salla.

Wanda ya fara jan hankalinmu littafin Josephine Tey ne na 1951, The Daughter of Time, kuma garin da muke ciki ne ya jawo haka. A cikinsa wani jami'in ɗan sanda yana kwance a asibiti da karaya, sai ya shiga bin tsofaffin takardu don ya gano ko da gaske Sarki Richard na Uku ne ya sa aka kashe 'ya'yan wansa biyu da suka ɓace a 1483. An kashe wannan sarki a yaƙin Bosworth a 1485, kabarinsa ya ɓace, sai a 2012 masu tono suka gano ƙasusuwansa a ƙarƙashin wani wurin ajiye motoci a tsakiyar Lesta, aka sake binne shi a babban cocin garin a 2015. Yaranmu suna wucewa ta wurin, saboda haka abin bai zo musu kamar tatsuniya ba. Ni dai a ganina marubuciyar ta cika son wanke sarkin, amma ta koya wa yaranmu tambayar da kowane almajirin hadisi ya sani: wa ya ruwaito wannan labari, yaushe ya rayu, kuma me zai samu idan aka gaskata shi?

Daga nan muka bi wasu. Akwai jerin labaran Cadfael na Ellis Peters, waɗanda suka fara fita a 1977, inda mai binciken wani malamin Kirista ne masanin saiwoyi da ganyaye a Ingila ta ƙarni na 12. Akwai na Alƙali Di na Robert van Gulik, jami'in jakadanci ɗan ƙasar Holan, wanda ya gina su kan wani alƙali na gaske da ya rayu a ƙasar Sin daga 630 zuwa 700, kuma dattawanmu sun fi son waɗannan, domin mutum ɗaya ne yake sauraron ƙara, yake fita bincike, yake yanke hukunci. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne na Orhan Pamuk na 1998, wanda ya faru a Istanbul a 1591, inda aka kashe wani mai ƙawata littattafan Sarkin Musulmi na Usmaniyya saboda saɓani kan halaccin zanen sura. Wannan manya kaɗai muka karanta, domin akwai shafuka a ciki da ba a miƙa wa yaro.

Game da cakuɗa ƙage da gaskiya kuwa, al'adarmu ita ce ba a rufe zancen littafi sai an karanta bayanin da marubuci yakan sa a ƙarshe, inda yake rarrabe abin da ya samu a tarihi da abin da ya ƙaga. Akan ɗora wa matashi ɗaya ya je ya bincika wannan bayani ya kawo rahoto a zama na gaba. Laifin da muka fi kamawa ba na shekara ko sunan sarki ba ne. Shi ne a ɗauko mutumin yau da tunaninsa na yau, a sa masa rigar mutanen da, sai ka ji ɗan ƙarni na 12 yana magana kamar wanda ya gama jami'a bara.

Duk zaman da muka yi, Kawu, zancen yakan ƙare ne a Kano, domin kayan aikin irin wannan littafi suna nan jibge a garinmu. Ga Kasuwar Kurmi tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ga fatake masu goron Gwanja da fatomansu, ga Larabawan Gadamus, ga dillalai da dogarai da masu unguwa da sarakunan ƙofa waɗanda suka san wanda ya shiga birni da wanda ya fita. Kuma shari'ar Malikiyya tana ba labari wani tsari da marubutan Turawa ba su da shi. Idan aka tsinci mutum da rauni, ya ce jininsa yana wuyan wane kafin ya cika, wannan magana ba ta isa hukunci ita kaɗai ba, amma tana buɗe wa dangin mamaci maza ƙofar rantsuwa hamsin ta ƙasama. Ku dubi alƙalin da yake da littattafan shari'a, Tuhfa da Muhtasar, a gabansa, dangi sun shirya rantsuwa gobe da safe, shi kuwa zuciyarsa tana gaya masa cewa mamacin ya yi kuskuren gane fuska a cikin duhun lungu. Wannan kaɗai ya isa littafi guda.

Ba za a rasa madogara ba, domin an adana shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914 da Larabci, kuma Allan Christelow ya fassara wasu daga cikinsu zuwa Turanci a 1994, har da na kisan kai da sata da rikicin gona. Adabinmu ma ya san labarin da aka kafa kan tarihi tun gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 da ta fito da Shaihu Umar da Ganɗoki, sai dai mai bincike ne ba a sa a ciki ba.

Inda muka kasa daidaitawa shi ne zamanin da ya kamata a zaɓa. Matasa suna son Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895, saboda lokacin da gari ya rabu tsakanin Tukurawa, magoya bayan Sarki Tukur, da Yusufawa, magoya bayan Yusufu, kowa abin zargi ne. Dattawa suna cewa jikokin waɗannan gidaje suna nan da ransu da sarautunsu, kuma abin da Bature zai ƙaga wa sarkin da ya mutu shekara ɗari biyar ba za a ƙaga wa kakan maƙwabci ba. Ni ina tare da dattawa, shi ya sa nake ganin a sa mamaci da mai laifi su zama 'yan kasuwa na ƙage, a bar fada a nesa. Tunda kun yi zama da tsofaffin alƙalai da muhutai, ina roƙon ku tambayar mana yadda ake gudanar da ƙasama a aikace a birni, musamman inda ake yin rantsuwar da wanda yake ƙirga ta.