Kumburin muƙamuƙi, wayar haƙori da wushiryar saye: amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum. Tambayoyi huɗu na zaɓo a wannan makon, dukansu a kan fuska. Ta farko ba ta jira, shi ya sa na sa ta a gaba.

Daga wani magidanci a Kumo: "Malam, ƙanena mai shekara 26 yana da kumburi a muƙamuƙinsa na ƙasa, gefen hagu, yau shekara biyu ke nan. Ba ya yi masa ciwo. Ya sha maganin kemis, wanzami ya yi masa sakiya, ba abin da ya fito sai jini da ɗan ruwa. Da muka je asibiti a Gombe aka ɗauki hoto, aka yanki tsoka aka auna, aka ce ƙari ne amma ba daji ba ne, sai dai za a yanke wani sashe na ƙashin a sa ƙarfe. Kuɗin da ke hannunmu na aurensa ne, an sa rana bayan kaka. Ga wani mai magani ya ce zai narkar da shi da kuɗi kaɗan. Tunda ba daji ba ne, mu yi auren tukuna, ko yaya ka gani?"

Malam, Allah ya ba shi lafiya, ya saka maka da alheri kan tsayuwar da ka yi masa. Shawarata ita ce a ɗaga auren, a yi aikin da kuɗin. Mai magani kuma a ba shi haƙuri.

Yadda ka kwatanta, abin ya yi kama da ƙarin da likitoci ke kira amilobilastoma, amma ka duba takardar sakamakon awon, sunan yana rubuce a ciki. Wannan ƙari yana tasowa ne daga ragowar ƙwayoyin halittar da suka gina haƙori tun mutum yana ƙarami, suka maƙale a cikin ƙashi. Kusan 8 cikin 10 a muƙamuƙin ƙasa yake fitowa, ya fi kama masu shekara 20 zuwa 40, kuma a asibitocin Najeriya shi ne aka fi gani a cikin ƙarin da ke da asali da haƙori. Ba maita ba ce, ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa daga wani.

Da likita ya ce maka ba daji ba ne, abin da yake nufi shi ne ba kasafai yake tashi ya tafi huhu ko hanta ba. Bai ce maka zai tsaya ba. Aikinsa irin na gara ne a cikin azara: daga waje ka ga ice lafiya lau, ciki kuwa an cinye. A hankali ƙashin yake kumbura yana sirancewa, har ta kai idan ka danna da yatsa sai ya lotsa ka ji ƙaras. Turame su fara girgiɗa, su karkace, wasu su zube da kansu. Harshe ya rasa wurin zama. Haƙoran sama su riƙa cizon kumburin har ya zama gyambo mai wari. A duk tsawon wannan lokaci mai shi na iya cewa ba ya jin zafi, kuma wannan rashin zafin ne ke sa mutanenmu zama a gida shekara biyar, shida, sai an naɗe fuska da rawani ko mayafi sannan a nufi asibiti.

Na san abin da ke tsorata ku shi ne yankan ƙashi. Mutane kan ce me zai hana a kankare abin kawai a bar ƙashin? Dalili shi ne ƙarin yana kutsawa cikin ɓargo fiye da inda hoto ya nuna iyakarsa. In aka kankare, sau da yawa yakan dawo, wani lokaci bayan shekaru, kuma aiki na biyu ya fi na farko wuya. Shi ya sa a yawancin nau'o'insa ake yankewa haɗe da lafiyayyen ƙashi kimanin santimita 1 zuwa 1.5 a kowane gefe. Gurbin sai a riƙe shi da ƙarfen titaniyom, sannan a cike da ƙashin da aka ɗebo daga ƙugun mutum, ko haƙarƙari, ko siririn ƙashin ƙwauri, ko dai a lokacin ko a aiki na gaba.

Ga lissafin da ya shafi aljihunka. Ƙari ƙarami, ana iya cire shi a bar gindin ƙashin, fuska ba za ta sauya sosai ba. Ƙarin da aka bari ya girma yana iya cin rabin muƙamuƙi har da mahaɗar da ke gaban kunne. Sai ƙarfe ya ƙara tsawo, jini ya ƙara yawa, kwanan asibiti ya ƙaru. In an yi biki da kuɗin nan bana, baɗi za a nemi fiye da su, kuma a lokacin akwai amarya da za a ciyar. Ku je wa iyayen yarinyar da gaskiyar magana tun yanzu. Mutanen kirki za su jira.

Sakiya kuma a daina ta. Babu mugunya a ciki da za ta fito. Abin da kibiya mai zafi ko aska ke ƙarawa shi ne ƙwayoyin cuta da tabo, sai likita ya zo dole ya yanke har da fatar da ta lalace. Haka maganin shafawa mai ƙuna. Addu'a kam a dage da ita, ba ta hana zuwa asibiti.

Kafin ka sayar da sa ko hatsi, ka koma sashen haƙori da tiyatar fuska na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ko duk inda aka duba shi, ka nemi a rubuta maka ƙiyasin kuɗi dalla-dalla: na aiki, na ƙarfe da kusoshinsa, na gado, na jini. Ka tambaya ko za a cike ƙashin a lokaci ɗaya ne ko sai daga baya. Ka tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya, in kuma yana da rajista da GoHealth, wato inshorar lafiya ta jihar Gombe, ko inshorar lafiya ta ƙasa, ka ji me za su ɗauka. Ka tanadi 'yan'uwan da za su ba da jini. In hankalinka bai kwanta ba, ɗauki hotunan da takardar awon ka kai asibitin koyarwa na Bauchi, ko na Malam Aminu Kano, ko Shika, ka ji ta bakin wani likitan. Ba laifi ba ne. A kuma shirya masa zuciya: zai yi kwanaki yana cin abinci ta robar hanci, sannan kunu da koko, kuma leɓensa na ƙasa na iya daina jin taɓi a gefen da aka yi aikin domin jijiyar ta cikin ƙashin take bi. Bayan an warke, zuwa a duba shi ba ya ƙarewa a shekara ɗaya ko biyu.

Ga iyaye masu karatu, bari in ratsa da wannan. Hangum yakan saɓe cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Yaron da muƙamuƙinsa ke kumbura da sauri cikin 'yan makonni, haƙoransa na girgiɗa, wannan wani abu ne daban. Yana iya zama dajin yara da Dakta Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958. Yana jin magani ƙwarai in an kai da wuri, don haka a cikin makon za a kai shi.

Daga wata ɗaliba a Tudun Wada: "Shekarata 19. Haɓata ta yi gaba, haƙorana na ƙasa sun sha gaban na sama, ba na son a ɗauke ni hoto ta gefe. Na ga ana tallar wayar haƙori a Instagram da araha, har akwai mai liƙa wa mutum a shagon kwalliya. In saya?"

Ƙanwata, kada ki saya. Araha ba ta ado, nan kuwa har ɓarna take yi. Wayar gaskiya matsi take yi wa haƙori, matsin da aka auna, haƙorin ya riƙa matsawa a hankali cikin ƙashi. In matsin ya yi yawa ko ya karkata, saiwar haƙori na iya zaizayewa, dasashi ya ja baya, haƙoran gaba su fara rawa. Ta shagon kwalliya in ba ta matsa komai ba, to ta tara miki abinci a ƙarƙashinta, ranar da aka ɓamɓare ta ki tarar da fararen tabo da ruɓa.

Abin da ya kamata ki fara biya shi ne kuɗin ganin likitan haƙori mai lasisin MDCN, wato hukumar kula da aikin likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, da hoton ƙashin kai ta gefe da ake ɗauka a asibiti. Hoton ne zai nuna ko haƙora ne suka karkata ko ƙashin ne ya yi tsawo. In haƙora ne, ko kuma bambancin ƙashin kaɗan ne, waya za ta wadatar. Takan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ana komawa a ɗaure ta kusan duk wata ko wata biyu, sannan in an cire akwai abin riƙewa da za ki ci gaba da sawa don kada haƙoran su koma gidan jiya. Ƙwararrun wannan fanni ba su da yawa a yankinmu, saboda haka ki haɗa kuɗin mota cikin lissafi. Wayar da aka fara aka watsar a tsakiya ta fi rashin farawa muni.

In kuwa ƙashin ne sosai, waya kaɗai ba ta gajarta shi ga wanda ya gama girma. Sai an haɗa da tiyata, a tsaga ƙashin ta cikin baki a mayar da shi baya. Babban aiki ne. In kina kasa gutsurar nama ko rake da haƙoran gaba, ko magana na ba ki wahala, ya cancanci a yi tunaninsa. In yadda kike fitowa a hoto ne kawai ke damunki, ni dai ba zan so ki kwanta a yanka ki saboda shi ba. Abu ɗaya zan ƙara: in cizon naki bai daɗe da sauyawa ba, ko fuskar ta fara karkata gefe ɗaya, ki gaya wa likita tun a zuwan farko. Ƙannenki kuma a kai su a duba tun suna shekara 7 ko 8, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga wani saurayi a Bolari: "Akwai wata roba da ake taunawa don muƙamuƙi ya fito sosai, da wani maɗauri da ake kwana da shi. Suna aiki?"

Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Tauna roba ba ta sauya ƙashin baligi. Iyakarta ta kumbura naman tauna da ke gefen kunci, ta kuma gajiyar da mahaɗar muƙamuƙi, ka wayi gari da ciwon kai, baki na ƙas-ƙas in ka buɗe shi, wani ma haƙorinsa ya tsage. Maɗaurin kuwa da ka kwance shi fuska ta koma yadda take. In teɓa ce ta ɓoye maka haɓa, rage ƙiba zai fito da ita.

Daga wata matar aure a Pantami: "Ina sha'awar wushirya, an ce akwai mai fiƙe haƙori ya yi wa mutum. Akwai illa?"

Hajiya, akwai. Wushiryar da Allah ya yi wa mutum, haƙoran ne suka tsiro nesa da juna, kowanne da cikakkiyar rigarsa. Ta saye kuwa goge farin ɓawon haƙori ake yi, shi kuma ba ya sake tsirowa har abada. Da farko za ki ji tsami in kin sha ruwan sanyi ko shayi mai zafi. In gugar ta kai kusa da jijiya, haƙorin na iya mutuwa, ya yi duhu, ƙurji ya fito a dasashi. Ga kuma kayan aikin da ba ki san bakin wa suka fito ba, ga ciwon hanta yana yawo a gari. Masu zuwa asibiti neman a toshe wushiryar da suka saya, ciko ko hular haƙori ake sa musu, kuma kuɗin ya ninka wanda suka biya mai fiƙewa. In akwai kuɗin kwalliyar baki a hannunki, ki kai a wanke miki haƙoran a asibiti, a duba turamen da ke baya.