Tambaya da Amsa: Allon teburi zai iya maye gurbin salula?

Tambaya: Malam, ƙanena da ke Faransa ya ce zai aiko mini da Echo Show, wai idan na samu ba ni da sauran buƙatar babbar salula. Haka ne? Daga wani mai karatu a Wadata, Yamai.

Amsa: A'a Malam, kada ka sayar da salularka. Echo Show na Amazon, wanda ya fito a 2017, da Nest Hub na Google, allo ne mai lasifika da ake girkewa bisa teburi. Yana nuna lokaci, yanayin gari, hotuna da bidiyo, ka yi masa magana ya amsa. Amma ba ya ɗaukar layin waya, ba shi da batir, ba a sa masa WhatsApp, balle tura kuɗi ta Airtel Money. Nest Hub ma sai da manhajar Google Home a salula ake iya saita shi.

Kuran da Wi-Fi su ne ransa. Wuta na ɗaukewa ya mutu, idan ta dawo sai ya sake neman intanet. In babu akwatin Wi-Fi a gidan, za ka raba masa daga salularka, ka fita da ita kuwa allon ya zama kurma. Bidiyo kuma yana cinye data ba kaɗan ba. Cajarsa tana karɓar bolt 100 zuwa 240, don haka 220 ɗinmu ba matsala, kan cajar Faransa ma yana shiga soket ɗinmu. Na Amurka ne ke neman mahaɗi. Ƙaramin Echo Show 5 ba ya cin wuta da yawa, ƙaramin batirin ajiyar wuta irin na akwatin Wi-Fi zai riƙe shi, amma a duba bolt ɗin da aka rubuta a jikin cajar ya dace tukuna.

Sai harshe. Alexa, muryar da ke amsawa a cikin Echo Show, tana jin Faransanci da Ingilishi, ba ta jin Hausa ko Zabarmanci. Wanda ya saya wa tsohuwa don ta riƙa umartarsa da baki, ya saya mata agogo mai tsada.

Tambaya: Na ga irinsa na hannu a kasuwa da araha. In saya? Daga wata ɗaliba a Tawa.

Amsa: Malama, sa mai kayan ya jona shi da intanet a gabanki, ya goge asusun tsohon mai shi. Ki kuma tambayi shekarar ƙirarsa, domin aikin waɗannan na'urori a kwamfutocin kamfani yake gudana. Sony ta fitar da wani allo irin wannan mai suna Dash a 2010, ta daina yi masa hidima a 2017, waɗanda suka saya suka tashi da allo marar amfani. In kin saya, ki nisanta shi da taga da murhu: zafin Afrilu da Mayu a nan yana wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe ƴan ramukan da yake jin magana da su.